Ƙararrawar Da Yaya Ba Ya Ji

Shafi na 19

Ƙarfe goma na safe ta ɗan gota. Ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, amma garin bai buɗe ba, indararo na ta ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Laima ta shiga ko'ina, har ƙofar ɗakin aikin Yaya ta kumbura. Sai da Injiniya ya sa kafaɗa kafin ta buɗe.

Karo na huɗu ke nan cikin wata biyu da yayansa ke kiransa ya zo ya duba Tsohuwa.

Tsohuwa ita ce sintesaizar Yaya, wato na'urarsa ta haɗa sauti. Ta girmi aurensa, ta girmi gidan da suke ciki. Ba ta ajiye sauti irin na'urorin yanzu. Duk abin da kake so sai ka murɗa da hannunka, ka saurara da kunnenka. Da ita Yaya ke yi wa wasan kwaikwayon gidan rediyo sauti shekara goma sha tara: iska, kukan ƙofa, bugun zuciya. A can ba mai kiransa da wani suna sai Mai Kunne.

Yaya na zaune ya ba ƙofa baya. Bai juyo ba sai da inuwar Injiniya ta faɗo kan teburin.

"Ka zo?"

"Na yi sallama sau biyu, Yaya."

"Hankalina na wani wuri. Ajiye jakar. Darakta na nan tafe sha ɗaya da rabi."

"Har yanzu ƙararrawar nan ce?"

"Ita ce. Agogon bango na uban da ya mutu a cikin wasan, shi zai buga a ƙarshe. Sau biyu ina kai mata tana cewa ba haka ba. Jiya ta ce in yau ma bai yi ba, za ta nemi wani ya riƙe sautin wasan gaba ɗaya."

Ya ɗan buga gefen Tsohuwa da tafin hannu, a hankali, yadda ake lallashin dabba.

"Saman muryarta ne ya mutu. Na gaya maka tun farko. Wani abu ya ƙone a ciki ba ka gano ba."

Sau uku Injiniya na kwance ta, ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har ya canja abin da bai lalace ba don dai a zauna lafiya. Bai taɓa samun komai ba.

Anti, matar Yaya, ta leƙo da kofi biyu na ruwan zafi.

"Injiniyan ƙasa da ƙasa! Yau ma aikin tiyata za a yi wa baiwar Allahn nan?"

"In kin biya kuɗin gado, Anti."

"Ni? Ai da za ka kashe min ita ma da na huta. Kai dai kullum ka zo ka kwance, ka ɗaure, ka sha min shayi ka tafi."

Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba. Ta kalli bayan mijinta, ta kalli Injiniya, ta fita.

Injiniya ya jawo kujera. Yau bai ɗauko sukundireba ba. Zama ya yi yana kallon fuskar Tsohuwa kawai.

A cikinta akwai osileta biyu, su ne ke haifar da sautin. Tun suna samari Yaya ya raɗa musu Babba da Ƙarami. Tsakaninsu akwai wani ɗan makunni da ake ce wa sink. In ka kunna shi, Babba ya riƙe Ƙarami ke nan: duk sanda Babba ya koma farko sai ya fizgo Ƙarami su koma tare. Ko ina ka murɗa Ƙarami ba zai fita daga layi ba, sai dai muryar ta yi kaushi, kamar ana yage sabon ƙyalle.

Wannan makunnin Injiniya ke kallo. An manne shi da baƙin tef a wajen kunnawa. Tef ɗin ya tsufa, ƙura ta yi masa layi a gefe.

Sau uku yana buɗe bayan Tsohuwa. Bai taɓa tsayawa ya kalli gabanta ba.

"Yaya, yaushe rabon da ka kashe sink?"

"Me?"

"Sink. Yaushe rabonka da kashe shi?"

"Ina ruwanka da shi? Muryata ke nan. Duk wanda ya ji kaushin nan a rediyo ya san hannuna ne."

"Na sani. Amma ƙararrawa ba ta fitowa da shi a kunne."

"Kai za ka koya min?"

"Kai ka koya min. Ka ce in ana son ƙarfe ya yi magana, sai a saki Ƙarami, a bar Babba ya riƙa girgiza shi da sauri. Ef-em. Har Anti ta ce ita ta ɗauka tashar rediyo ce, ka yi ta dariya."

Yaya ya ɗauki kofinsa, bai sha ba.

"To ka sake shi mana. Ga ka, ga ta."

Injiniya ya sa farce ya ɓamɓare tef ɗin. Ya kashe makunnin. Sai ya ga wasu ƙananan layukan fensir a gefen kowane maɓallin murɗawa, siri-siri, da yawa, wasu da lamba a jiki. Da can Yaya ba ya zana komai. Cewa yake mai zana layi bai yarda da kunnensa ba.

Injiniya ya bi layukan da yatsa.

Ya ɗaga ef-em zuwa rabi. Ya kai Ƙarami daidai kan layin da aka rubuta wa *agogo*. Ya danna.

Abin da ya fito ba ƙararrawa ba ne. Kamar an jefar da faranti a kan siminti.

"Ka ji ko?" in ji Yaya da sauri. "Na ce maka ta lalace."

"Ba ta lalace ba. Sanyi ne. Ka san halinta, in laima ta shige ta sai ta zame. Layin da ka zana ranar zafi ba zai yi aiki yau ba. Da kunne ake nemo ta."

"To nemo."

"A'a. Ni zan murɗa, kai ka gaya min in ta zauna."

Yaya ya ajiye kofinsa.

"Kai ne Mai Kunne, Yaya. Ni mai dalma ne kawai."

Yaya ya gyara zama, ya rufe ido kamar yadda ya saba.

"Murɗa."

Injiniya ya riƙe maɓallin Ƙarami. Ya san inda ƙararrawar take, ɗan kaɗan ne zuwa hagu. Allah Ya sani bai so abin da zai yi ba. Amma ya murɗa zuwa dama.

Sautin ya yi sama, ya siranta, ya zama wata tsuwwa mai shiga haƙori. Shi kansa sai da ya runtse ido.

"Ƙara," in ji Yaya.

Ya ƙara.

"Yauwa. Ta fara zama. Ɗan ƙara kaɗan."

Daga can kicin muryar Anti ta taso.

"Wayyo kunnena! Injiniya, yanka ta kake yi ko me?"

Yaya bai motsa ba. Idonsa a rufe, yana gyaɗa kai a hankali kamar mai jin abu mai daɗi.

Injiniya ya ɗage hannu. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar indararo. Ya matsa bayan kujerar, inda Yaya ba zai ga bakinsa ba.

"Yaya."

Ba amsa.

"Yaya, ni ne Auta."

Ba amsa.

Ya zagayo gabansa ya durƙusa, yadda yake yi tun yana yaro in zai roƙi wani abu. Yaya ya buɗe ido. Kallo ɗaya ya yi masa ya gane.

"Gwada ni ka yi."

"Ka yafe min."

"A ɗakina. Da na'urata."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tashi ka ɗauki jakarka."

"Tun yaushe?"

"Na ce ka tashi!"

Injiniya bai tashi ba. Yaya ya ɗaga hannu kamar zai ture shi, sai hannun ya tsaya a sama, ya sauko a hankali ya kwanta a kan gwiwarsa. Da ya sake magana, muryar ta yi ƙasa.

"Shekara biyu."

"Innalillahi..."

"Na ƙasa ina ji. Ganga, mota, muryar maza in suna gabana. Na sama ne ya tafi. Tsuntsaye na fara nema na rasa. Na ɗauka ƙaura suka yi daga unguwar."

"Shi ya sa ka manne sink."

"In Babba na riƙe da shi, ko ban ji ba, ba zai ba ni kunya ba. Sai mutane suka ce Mai Kunne ya fito da sabon salo." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Har yabo na sha a kai. Salon kurma."

"Kar ka ce haka."

"Me zan ce?"

"Ka sa na kwance ta sau uku, Yaya. Ina komawa shago ina kasa cin abinci, ina cewa hannuna ya mutu."

"Na fi so a ce ita ce."

"Ka je asibiti?"

"Na je."

"Me suka ce ya jawo?"

Yaya ya kau da kai wajen taga.

"Shekaru."

"Shekarunka nawa? Baba har ya rasu yana jin tafiyar kyanwa."

"Na ce maka shekaru. Bar maganar."

Injiniya ya miƙe. Ya share fuska da hannun riga, ya koma gaban Tsohuwa. Ya dawo da Ƙarami hagu a hankali, yana saurare, yana ɗan tsayawa. Tsuwwar ta sauka. Farantin ya wuce. Sai ga ta.

*Dannn...*

Ƙararrawa mai nauyi, mai doguwar wutsiya, irin ta agogon gidan tsofaffi. Ta cika ɗakin ta daɗe kafin ta mutu.

"Ta fito?" in ji Yaya. Fuskar ƙaninsa yake kallo, ba sifika ba.

"Ta fito. Amma ba za ta zauna ba. Yanzu take ɗaukar zafi, nan da rabin awa ta sake zamewa."

"To ka zauna kusa."

"In Darakta ta ce kai za ka murɗa fa?"



A kan kanta, bayan tarin wayoyi, akwai wata tsohuwar mita mai allura da Injiniya ya bari a nan tun bara. Ya sauko da ita, ya hure ƙura, ya jona ta da Tsohuwa.

"Duba nan, Yaya. Akwai hanya. Ka sauke ef-em, ka mai da Babba da Ƙarami kan layin farko. In ba su daidaita ba, allurar nan za ta riƙa lilo, dama, hagu. Sai ka riƙa taɓa ɗan ƙaramin maɓallin nan na gefe har lilon ya ragu. In ta tsaya cak, sun haɗu. Daga nan layukanka duk sun dawo gaskiya. Ka kai Ƙarami kan *agogo*, ka ɗaga ef-em. Shi ke nan."

Yaya ya daɗe yana kallon allurar.

"Da ido."

"Eh."

"In yi sauti da ido."

"Wa zai sani?"

"Ni zan sani!"

Ya miƙa hannu ya juya mitar da ƙarfi, fuskarta ta koma kallon bango.

"Shekara goma sha tara ban taɓa kallon allura ba. Ina shiga ɗaki in ce musu firjinku ya kusa lalacewa, su yi dariya, bayan sati ya lalace. Yau kai za ka kafa min allura a gaba kamar ɗan koyo?"

"To ka gaya wa Darakta gaskiya."

"In na gaya mata, ranar nan ce ranar ƙarshe. Wa ke ajiye mai sauti da ba ya ji?"

"Yaya..."

"Fita ka ba ni wuri. Ina son in zauna ni kaɗai."

Injiniya ya fita. Ya ja ƙofar, ta ƙi rufuwa sosai saboda kumburi.

Anti na tsaye a baranda da tsumma a hannu. Da gani ta ji komai.

"Kin sani," ya ce.

"Ni nake amsa masa waya shekara biyu. Ni nake taɓa ƙafarsa a ƙarƙashin tebur in baƙo ya yi magana bai ji ba."

"Kuma kika bar ni ina ta kwance na'ura kamar mahaukaci."

"Rantsuwa ya sa na yi."

"Rantsuwar me? Ciwo ai ba abin kunya ba ne. Da na sani da tuni..."

"Da ka sani da ba ka sake yin barci ba."

Ya tsaya.

"Me kike nufi?"

Ta matse tsumman, duk da ba ruwa a jikinsa.

"Ba komai. Je ka sha shayinka."

"Anti, ki dube ni."

"Kar ka sa ni in karya rantsuwa, Injiniya."

"Ya ce min shekaru ne. Ƙarya ne, ko?"

Ta dubi ƙofar ɗakin. Ta san ko ihu ta yi daga nan ba zai ji ba, amma duk da haka ta rage murya.

"Ka tuna ranar da ka gyara masa amfilifaya, abin ƙara ƙarfin sautin nan? Ranar da aka kira ka aka ce matarka ta fara naƙuda?"

"Na tuna."

"Ka fita da gudu, ko takalmi ba ka ɗaure ba."

"Eh."

"Ka mai da maɓallan ƙasa kafin ka fita?"

Injiniya ya shiga tuno ranar.

In yana gwaji, komai yake kaiwa ƙarshe, ya ga iyakar ƙarfin abu. In ya gama sai ya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Abu na farko ke nan da Yaya ya koya masa: kar ka tashi daga gaban na'ura sai ka mai da ita ƙasa. Bai taɓa mantawa ba. Yana iya rantsuwa bai taɓa mantawa ba.

Ya nemi ranar a cikin kansa. Ya ga wayar. Ya ga ƙofar. Bai ga hannunsa a kan maɓallan ba.

"Ya sa hedfon a kunne," in ji Anti, "ya kunna. Ina wanki a tsakar gida na ji ƙarar, daga cikin hedfon ɗin fa. Na shigo na same shi a ƙasa ya riƙe kai. Kwana uku kunnensa na kuka. A haka ya je ya ɗauki jaririnka yana murmushi."

Injiniya ya dafa bango.

"Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. A mota muna dawowa ya ce min, in Auta ya ji wannan ba zai sake riƙe ƙarfen dalma ba, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Ya ce in rantse."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu.

"Ga shi na karya. Allah Ya yafe min. Amma na gaji da ganinku, kai kana zargin hannunka, shi yana zargin na'ura."

A waje aka yi hon sau biyu.

Anti ta zabura.

"Ita ce. Ta yi sauri. Don Allah wanke fuskarka, kar ya gane na faɗa."

Bai wanke ba. Ƙafafunsa ne kawai suka mai da shi ɗakin.

Yaya na nan inda ya bar shi, hannunsa a kan Tsohuwa. Injiniya ya tsaya yana kallon kunnen nan na dama, da 'yar furfurar da ta fito a bayansa.

Darakta ta shigo tana kaɗe lema. Doguwar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan gaisuwa.

"Mai Kunne, ina kwana. A'a, Injiniya, kai ma kana nan? Tsohuwar ce kuma?"

"Sanyi ne ya ɗan taɓa ta," in ji Yaya, idonsa a kan leɓenta. "Ta warware."

"To mu ji."

Yaya ya danna.

*Dannng...*

Injiniya ya ji tun kafin sautin ya kai rabi. Ta zame. Ba da yawa ba, amma wutsiyar ta yi tsami, tana rawa kamar murfin tukunya.

Darakta ta karkata kai.

"Ta kusa. Wallahi yau ta kusa. Amma akwai wani tsami a ƙarshenta. Ka ji shi ai."

"Na ji," in ji Yaya.

"Cire min shi. Ina nan zaune, ba inda za ni sai na tafi da ita."

Injiniya ya matso.

"Bari in ɗan..."

"A'a, Injiniya." Ta ɗaga hannu. "Naka gyara ne, ka gama. Wannan aikin kunne ne. Ba mu wuri, ba na son motsi in ina saurare."

Ya dubi Yaya. Yaya bai dube shi ba. Hannunsa na kan maɓallin Ƙarami.

"Ka ji abin da ta ce," in ji Yaya. "Je ka."

Injiniya ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. Ya tattara kofunan nan biyu da ba wanda ya sha. Da ya zo wucewa ta gefen teburin, sai ya tsaya kamar mai gyara waya. Ya sa hannun riga ya goge gilashin mitar. Ya juyo da ita daga bango, a hankali, ya ɗan karkata ta yadda tarin wayoyin zai kare ta daga inda Darakta ke zaune.

Fuskarta ta koma kallon mutum ɗaya.

Yaya bai ɗago ba.

Injiniya ya fita, ya sa ƙarfi ya ja ƙofar har ta rufu. Ya jingina da ita, kofuna a hannu, Anti na kallonsa daga bakin kicin.

Ciki shiru.

Shiru.

Sai ya ji an danna.